Sawun da Ya Fita Bai Shiga Ba

Ranar Talata da safe ina tsaka da suyar burodi Anti Mabel ta banko ƙofata ba ko sallama, dusar ƙanƙara fal a kan gyalenta.

"Verna," ta ce, "Effie ta tashi."

Effie kuwa shekararta biyu a ƙarƙashin ƙasa. Ni na wanke ta da hannuna, ni na ɗaure mata haɓa.

"Anti, zauna ki sha shayi tukuna."

"Shayin me? Ɗakinta ya ƙone ƙurmus, ga sawunta can ya sauko daga tudu ya shigo gari. Je ki gane wa idonki, tunda ke ba a taɓa faɗa miki magana kin yarda ba."

Nan kam ba ta yi mini ƙarya ba. Na sauke kasko na zura takalmi.

Kafin in hau tudun maƙabarta rabin mutanen Kettle Landing sun riga ni, sun yi cirko-cirko a bakin shinge, ba wanda ya yarda ya tsallaka. Ƙanƙarar farko ta shekara ta sauka tun yammacin Litinin, ta lulluɓe 'yan ɗakunan katakon da muke gina wa mamatanmu a kan kaburburansu, kowanne da 'yar tagarsa da labule. Duk sun yi fari fat, sai na Effie kaɗai ya koma gawayi. Rufin ya rufta ciki, siririn hayaƙi yana tashi har lokacin.

Daga bakin ɗakin sawun ya fara. Sawun takalmin fata ne, ƙanana, ƙafa ɗaya tana nutsewa, ɗaya tana jan ƙasa. Ya ratsa tsakanin kaburbura, ya fita ta ƙofar shinge, ya gangara gari. Na duba gabas na duba yamma ina neman sawun da ya shiga. Babu.

Duk wanda ya girma a garin nan ya san Effie da ɗingishi, don tun tana yarinya ta karye a ƙafar hagu, ƙafar ta gajarce. Ba zan ɓoye ba, tsoro na ji, irin wanda ke bin gadon baya.

Lorne, ɗan Effie, yana tsaye kusa da Kofur Lachance, 'yar sandar garinmu, idonsa jajir.

"Ba wata fatalwa!" ya ce da ƙarfi, ko da yake ba wanda ya ambaci fatalwa a gabansa. "Kowa ya san wanda ke yawo da gatari da ashana a bayan tudun nan. Corbin ne. Kun zauna a da'irarku kun shafa masa kai, to ga sakayya. Kofur, ki rubuta: mu iyalin Effie ba mu yarda da wani zaman sulhu ba. Duk wanda ya yi wannan, ko ɗan waye, kotu za a kai shi."

Da ni yake. Shekara goma sha ɗaya ni ke riƙe da zaman da'ira. In yaro ya yi ɓarna a garin nan, maimakon a tura shi gidan tsare yara na birni, sai mu zaunar da shi da wanda ya cuta da dangin kowa, gashin mikiya ya zagaya hannu zuwa hannu, mai riƙe da shi ya faɗi abin da ke cikinsa, a yanke abin da zai gyara ɓarnar. Sharaɗi ɗaya ne, sai wanda aka cuta ya yarda. Corbin shekararsa sha shida. Da bazara ya fasa shagon gari, muka zauna, aka ɗora masa faskara wa tsofaffi itace har ƙarshen hunturu. Kafin wannan an taɓa kai shi birnin ya yi kwana ashirin da uku. Da ya dawo wata biyu ba ya magana, da takalmi a ƙafa yake kwana. Wannan karon in ya tafi ba kwanaki zai yi ba, kuma na san wanda zai dawo mana ba Corbin ba ne.

Kofur Lachance ta ja ni gefe. Mace ce mai hankali, cutarta ɗaya, takarda.

"Alƙali zai iso ranar Juma'a. In ba ki kawo mini wani abu ba kafin nan, Verna, da yaron zan tafi. Ba yadda zan yi."

*

Elmer ƙanin marigayi mijina ne. Shekara saba'in ba ɗaya, kunne guda ya mutu, amma in mafarauci ya ɓace ko yaro ya shige daji, shi ake kira. Cewa ake yana duban sawun zomo ya gaya maka abin da ke damun zomon. Ni dai na san ba ya iya gano inda ya ajiye tabaransa.

Ya iso yana tafe a hankali kamar mai jin tausayin ƙasa.

"Matar yaya, an ce fatalwa ta fito da ke daga kicin. Ashe akwai abin da ke ba ki tsoro ban da wanke-wanke."

"Tsohon banza. Dubi ƙasa ka rabu da ni."

Ya durƙusa a kan sawun. Ina kallo wasan ya ɗauke daga fuskarsa. Ya zura yatsa ya gwada kaurin ƙanƙarar da ke ƙarƙashin sawu, ya gwada wadda ta zuba a kansa.

"Mai wannan sawu tun ƙasa tana baƙa ya shiga, kafin ƙanƙara ta fara, shi ya sa ba a ga shigarsa ba. Ta fara wajen huɗu da rabi. Sai da ta kai yatsa uku ya fita. Kin ga ya fi awa guda a zaune a nan."

"To ba Effie ba ce ke nan."

"Ban ce ba. Ai ita ma tun ƙasa tana baƙa ta shiga."

Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

Garinmu dangi biyu ne, Kyarkeci da Hankaka, kuma ta wajen uwa ake gadonsu. Elmer ɗan dangin Kyarkeci ne kamar Effie, kuma Kyarkeci ba ya taɓa kabarin Kyarkeci. Mu Hankaki mu ke haƙa musu mu gina musu, su ma su yi mana. Saboda haka ya tsaya a bakin shinge, ni na shiga na zame masa hannu.

A jikin bangon da ya fi cinyewa na tarar da duwatsu biyar an jera su kamar murhu. Gefe ga kofin tasa na Effie a kan dutse, shayi ya daskare a ciki. Ga wasu dunƙulen roba biyu da suka narke, ga ragowar itacen da wuta ba ta ci ba.

"Tona tokar wajen taga," in ji Elmer. "Kin ga duwatsun ado?"

A tagar muka ajiye mata takalmanta na fata, waɗanda ta ɗinka da kanta ta yi musu furanni da ƙananan duwatsu shuɗaye. Fata tana ƙonewa, dutse ba ya ƙonewa. Na tona har yatsuna suka yi baƙi ban samu ko ƙwaya ɗaya ba. Takalman sun fita kafin wuta ta ci ɗakin.

Na miƙa masa itacen ta kan shinge. Ya juya shi, ya shafa wani siririn layi da ya bi tsawon faskaren, ya yi ajiyar zuciya.

"Gatarin Corbin ne. Bakinsa akwai giɓi. Ni na ba shi aro."

Na ji haushin Elmer kamar shi ya sa giɓin don ya ɓata mini rai.

Muka bi sawun. Ya gangara zuwa rafi ya haye ta kan gungume. Kusa da gungumen Elmer ya nuna mini inda ƙanƙarar rafin ta taɓa fashewa ta sake haɗewa. Daga nan sawun bai bi babbar hanya ba, sai ya kama 'yar siririyar hanyar bayan gidaje da ba mai binta yanzu, ya miƙe har ƙofar gidan Effie. Gidan a kulle yake tun ranar da Lorne ya ɗauke ta ya kai ta gidan tsofaffi a birni, inda ta yi mako uku ta cika. A kan dakalin ƙofa sawun ya tsaya, ƙafa biyu a jere suna fuskantar ƙofa, sun nutse sosai kamar na wanda ya daɗe yana jira a buɗe masa. Sannan ya juya ya faɗa titi, inda motar share ƙanƙara ta shafe komai.

Elmer ya ɗauko wani tsohon baho a bayan gidan ya kife a kan sawu huɗu, ya ɗora dutse.

*

Washegari muka samu Corbin a bayan gidan Anti Mabel yana faskare. An riga an tofa masa yawu a shago, wani kuma ya fasa masa fitilar keke.

"Ina kake ranar Litinin da yamma?" na tambaye shi.

"A daji, Anti."

"Wa ya gan ka?"

"Wani kurege. Ki kira shi shaida."

"Ka ci gaba da rashin kunya, Juma'a tana tafe."

Ya kafa gatarin a gungume.

"Anti Verna, ni Kyarkeci ne. Ko lokacin da nake shaye-shaye ban taɓa tsallaka shingen nan ba. Kaka Effie ce take ba ni abinci sa'ad da kowa ke rufe ƙofa in ya hango ni."

Elmer ya ɗaga itacen. "Gida nawa kake kai wa?"

"Shida, Kawu."

"Ban da su, akwai wanda ke karɓa a hannunka?"

Yaron ya dubi ƙasa. Ya ɗauki gungume ya daidaita, ya sake daidaitawa.

"Babu."

Da muka bar wurin Elmer ya ce, "Ƙarya ya yi, amma ba ta kansa ba ce."

Tunanina sai ya koma kan Halloran, baturen da ke da masauki a bakin babban titi, mai sayen kayan ɗinkin tsofaffinmu yana rataye su a bango. Sau uku ya nemi Effie ta sayar masa da takalman nan tana raye, sau uku ta kore shi da tsintsiya. Na shiga masaukin da shirin faɗa, har na tsara zagin da zan fara da shi. Muka same shi a kujera, ƙafa ɗaya cikin filasta har gwiwa. Kwana tara ke nan da ya faɗo daga kan rufi.

"Takalman Effie?" ya ce. "Wa zai sayi takalman da ba daidai suke da juna ba don ya sa? Ai don furannin nake so. Na hagun fata huɗu ta ninka a tafinsa saboda gajeriyar ƙafarta, na daman fata ɗaya."

Na fito da zagina a ciki, ban samu inda zan sauke shi ba. Elmer kuwa tun daga ƙofar masaukin har mota bakinsa yana motsi shi kaɗai.

Muna isa gida ya sa ni tsayawa a tsakar gida, ya ɗaure mini guntun katako a ƙarƙashin takalmin hagu da igiya.

"Yi tafiya."

"In na karye kai za ka yi jinyata?"

"In kin karye gari ya huta. Yi tafiya, matar yaya."

Na yi taku goma ina tangaɗi, yana biye da ni a sunkuye. Daga nan ya ja ni har gidan Effie ya ɗaga bahon. Ya daɗe yana kallo.

"Shekara arba'in ina ganin sawun Yaya Effie a bakin kogi," ya ce. "Ko da takalmin nan, hagu take dannawa, don ita ce gajeriyar. Dubi wannan. Dama ce ta nutse, kamar naki yanzu. Mai lafiyayyar ƙafa ne ya sa takalmin gurguwa, takalmin ya gurgunta shi ta ɗaya gefen. Tun jiya ya kamata in gani. Tsoro ne ya rufe mini ido."

"To waye?"

"Mara nauyi ne, takunsa gajere. Kuma da ya firgita bai tsaya shawara da kansa ba, ƙafafunsa suka kawo shi ƙofar nan. Wa kika sani da in ya tsorata nan ne gida?"

Na sani. Na zauna a kan dakalin.

*

Ranar Alhamis da yamma na kira da'ira. Lorne ya ce ba zai zo ba, na aika masa cewa namijin da ya iya zargi a bakin shinge ya iya maimaitawa a gaban mai shi. Ya zo, da matarsa Bernice, da 'yarsu Kiana mai shekara sha biyar, wadda ba ta taɓa ko makara a makaranta ba. A hannun Effie ta tashi har ranar da aka tafi da tsohuwar. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa yadda aka saba, Elmer yana zaune a wurin yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Kiana da takalman uwarta ta zo, sun yi mata yawa.

Har Halloran sai da aka ɗauko da sandunansa. Kofur Lachance ta zauna da takardarta a cinya. Corbin yana can gefe, kujerar damansa da ta hagunsa ba kowa.

Na ɗaga gashin mikiya na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na miƙa wa Lorne. Ya maimaita abin da ya faɗa a tudu, har da ƙari. Anti Mabel ta karɓa ta ce ita dai tun ranar Litinin take jin tarin Effie a bayan tagarta. Wasu suka sunkuyar da kai, don ba ita kaɗai ta ji ba. Gashin ya iso hannun Elmer.

"Ni ba zan kira sunan kowa ba," ya ce. "Sawu zan karanta muku. Wani ya hau tudu ranar Litinin da yamma, kafin ƙanƙara ta fara. A rafi ƙanƙara ta fashe da shi, ƙafafunsa suka jiƙe. Ya isa, ya jera duwatsu, ya hura 'yar wuta, ya dafa shayi a kofin mai ɗakin. Mai ɓarna ba ya dafa wa mamaci shayi. Wannan ciyar da ita ya je yi, yadda iyayenmu suka koya mana, a zuba wa wuta abinci ya isa ga waɗanda suka riga mu. Ba Kyarkeci ba ne, tunda ya shiga shinge ba fargaba. Ya tuɓe jiƙaƙƙun takalmansa ya jingina a bakin wuta, ya ari na tsohuwar. Ya fi awa yana zaune tare da ita. Sai wani abu ya firgita shi, ya gudu ya bar wuta a kunne da takalmansa suna narkewa. Bai nufi gidan da yake kwana ba. Gidan da aka raine shi ya nufa, ya tsaya a ƙofa, ba wanda ya buɗe."

Gashin ya ci gaba da tafiya, kowa ya karɓa ya miƙa gaba. Ya zo hannun Corbin. Ya riƙe shi ya daɗe, ina roƙonsa da ido ya ceci kansa, sai ya tashi ya tsallake kujerar da ba kowa ya ba na gaba. Saura mutum uku, saura biyu. Bernice ta karɓa ta miƙa wa 'yarta ba tare da ta dube ta ba.

Kiana ba ta miƙa gaba ba. Ta buɗe jakar makarantarta ta fito da takalman fata masu shuɗayen furanni, ta ajiye a tsakiyar da'ira.

"Aro na ce mata," ta ce, muryarta da ƙyar take fita. "Kaka tana zuwar mini a mafarki. Ta zauna a bakin gado ta ce ana ta cin abinci a gidan nan ba mai zuba mata a wuta. Shekara biyu ba a yi mata bukin sallama ba, Baba ya hana a ko ambata. Shi ne duk Litinin nake kai mata busasshen kifi da shayi. Corbin ke ba ni itace, bai taɓa tambayata ba. Ranar nan ina zaune sai na ji ta yi tari a cikin ɗakin, a bayana. Na gudu. Ban san ɗakin ya kama wuta ba sai da safe. Na so in faɗa, sai na ji abin da Baba ya ce a rubuta."

Lorne ya buɗe baki ba gashi a hannunsa, ban hana shi ba. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani, amma ban taɓa ganin tudu ya zame a ƙarƙashin mutum kamar ranar ba. Can ya ce, kamar mai magana da bango, "Ta roƙe ni in mai da ita gida. Na ce mata mako mai zuwa. Da na ga sawun nan a ƙofar... a bukin sallama ɗa ne ke tashi ya kira sunan uwarsa. Da wane baki?"

Kofur ta gyara murya. "Maganarka tana nan a rubuce, Lorne. Ka ce kotu, ko ɗan waye."

"Na janye."

"A'a," na ce. Na ji tausayinsa, amma na fi jin tsoron abin da zai biyo baya. "In ka janye don taka ce, gobe za a ce da'ira ta 'ya'yan masu gari ce, kotu ta marayu. Ɗakin na Kyarkeci ne. Kuma akwai Kyarkecin da aka fi kowa cuta a wannan mako."

Na karɓi gashin na kai wa Corbin da kaina.

Ya dubi Lorne ido cikin ido. "Kawu, maimaita abin da ka ce a tudu. Ko ɗan waye. Ina so in ji yadda yake fita yanzu."

Lorne ya sunkuyar da kai. Yaron yana da haƙƙi, kuma in ya ce kotu ba mai cewa ya yi zalunci.

"A can," in ji Corbin, "ranar farko suna zare maka igiyar takalmi. Fitila ba ta mutuwa. Ba mai kiran ka da sunan kakarka, ba wanda ya san kana da dangi. Ni na riga na san wurin, shi ya sa na yi shiru. Ita ko mako ba za ta yi ba." Ya juya gashin a hannunsa. "Ta gina ɗakin da hannunta, ai Hankaka ce kamar uwarta, aikinsu ne. Ta bi gidajen Kyarkeci ɗaya bayan ɗaya ta ba da haƙuri. A yi wa Kaka Effie bukinta kafin shekara ta ƙare. Kai kuma, Kawu, duk Asabar ka same ni a daji. Gida shida sun yi wa mutum ɗaya yawa."

Gashin ya sake zagayawa, ba wanda ya ce a'a. Da ya iso hannun Lorne ya tashi ya tako tsakiyar da'ira, ya zauna a kujerar da ke kusa da yaron. Kofur Lachance ta ninke takardarta huɗu ta sa a aljihu.

*

Kwana goma sha ɗaya Kiana ta yi tana aikin, mu Hankaki muna nuna mata. Ta buge yatsa da guduma ba sau ɗaya ba, kuma ba kowane gidan Kyarkeci ne ya karɓe ta da fara'a ba. Wata tsohuwa sai da ta bar ta a tsaye a waje rabin awa. Da aka gama ita ta mai da takalman taga, ni kuma na buga wa tagar ƙusa shida da hannuna.

A farkon Disamba aka yi bukin. Lorne ya tashi a gaban jama'a ya kira sunan uwarsa, muryarsa ta karye, ya sake kira. Aka zuba wa wuta kifi da nama da shayi mai sukari uku.

Washegari Asabar, rana ta ɗan ɗaga, Elmer ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Bai tsokane ni ba, daga nan na san da magana.

Sabuwar ƙanƙara ta kwanta, ba wanda ya taka ta. Daga dakalin gidan Effie sawu ya fara. Ya bi siririyar hanyar bayan gidaje, ya haye gungumen rafi, ya hau tudu, ya shiga ta ƙofar shinge, ya ƙare a bakin sabon ɗakin. Na zagaya shingen kaf ina neman inda ya fita. Babu. Na shiga na leƙa taga. Takalman suna nan a jere, ƙusoshina shida ba wadda ta motsa.

Na dawo na durƙusa kusa da Elmer. Wannan karon ban buƙaci ya karanta mini ba. Hagu ce ta nutse.

"Ba za ka kife baho ba?" na ce.

"Wannan ba nawa ba ne." Mutumin da bai taɓa ganin sawu ya ƙyale ba ya miƙe ya cire hularsa. "Ta je ta ga gida, ta dawo ta kwanta."

Daga can ƙasan tudu muna jin saran gatari biyu, ɗaya ya iya, ɗaya yana koyo. Muka sauka ta ɗaya hanyar don kada mu taka mata sawu.